Shari'ar Minti Ashirin: Martani ga Alƙalan Sababbin Faya-fayan Waƙa

Ranar Juma'a, 22 ga watan Nuwamba na 2024, ana gab da magariba, mawaƙin nan na Amurka, Kendrick Lamar, ya saki sabon faifansa mai suna GNX ba tare da wata sanarwa ba. Ni ban ma san wainar da ake toyawa ba, sai da wayata ta dame ni da ƙara. Ɗaliban da nake koya wa nazarin waƙa suna da wani zaure na WhatsApp da suka sa ni a ciki domin sanar da juna sauyin lokacin lacca, to a nan ne gardama ta sarƙe. Wani ya rubuta cewa wannan shi ne faifan shekara, babu na biyunsa. Wani ya mayar masa da cewa shirme ne tsagwaronsa, mawaƙin ya ƙare. Da na natsu sai na duba lokacin da aka sanar da fitowar faifan a zauren, na kuma duba lokacin da hukuncin farko ya shigo. Minti ashirin ne a tsakani. Shi kuwa faifan waƙoƙi 12 ne a cikinsa, tsawonsa minti 44.

Ranar Litinin na tsayar da wanda ya fara yanke hukuncin a gaban aji, na tambaye shi yadda aka yi ya gama shari'a alhali shaidu ba su kai rabi ba. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta." Na ce to madalla, zuwa yanzu dai ka kwana uku da faifan, gaya mana jigon waƙar ƙarshe. Ya ce waƙar soyayya ce, mawaƙin yana yi wa matarsa. Aji ya amsa masa da na'am. Waccan waƙa, mai suna "gloria", tana tafiya ne kamar labarin mutum da wata mace da suka daɗe suna so da saɓani, sai can a ƙarshenta mawaƙin ya bayyana cewa da alƙalaminsa yake. Wato mutuntarwa ce, irin wadda muka kwashe mako guda muna warwarewa a wannan ajin, wadda kuma wannan ɗalibi da kansa ya kawo ma'anarta daidai a gwajin da ya wuce. Ya san ta a takarda, amma ta shige ta kunnensa har sau da yawa bai gane ta ba.

Kendrick Lamar ba ya bukatar kariyata, yana da masu kare shi da suka fi ni baki da aljihu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta kama ɗalibanmu, ta kuma kama wasu daga cikin malamansu ta wata fuska dabam, wato yanke wa waƙa hukunci kafin a saurare ta. Da'awata a taƙaice ita ce, ra'ayin da ake furtawa a kan faifai ranar da ya fito shaidar zur ce, ko da kuwa daga baya ya zo ya dace da gaskiya, domin mai ba da shaidar bai ga abin da yake rantsuwa a kansa ba.

Wa ke cin ribar gaggawa?

Ya kamata mai karatu ya san cewa wannan ɗoki bai faɗo daga sama ba, shirya shi aka yi. Tun daga watan Yuli na 2015 masana'antar waƙa ta duniya ta tsayar da Juma'a ta zama ranar sakin sababbin faya-fayai a ko'ina. Kafin nan Amurka ranar Talata take saki, Ingila kuwa ranar Litinin. Makon ƙidayar ciniki ma aka mayar da shi daga Juma'a zuwa Alhamis. Tun a ƙarshen 2014 kuma mujallar Billboard, wadda jerinta ne ake dubawa a san faifan da ke kan gaba a Amurka, ta fara sa sauraron intanet cikin lissafinta, inda a wancan lokaci ta ɗauki sauraro 1,500 daidai da sayen faifai guda. A manhajar Spotify kuwa, da zarar waƙa ta yi daƙiƙa 30 tana tashi, an rubuta cewa an saurare ta, ko mai wayar yana barci, ko ya tsallake zuwa ta gaba.

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san abin da irin wannan lissafi zai haifar. Na farko, faya-fayai suka riƙa kumbura, domin kowace waƙa da aka ƙara wata ƙofa ce ta ƙidaya. Faifan Nas mai suna Illmatic, wanda ya fito a 1994 kuma har yau ake koyi da shi, waƙoƙi 10 ne kacal da ba su cika minti 40 ba. A 2018 kuwa ƙungiyar Migos ta saki Culture II da waƙoƙi 24, Drake ya saki Scorpion da waƙoƙi 25. Na biyu, kwanaki bakwai na farko suka zama su ne rayuwar faifai a idon kamfani. A cikin waɗannan kwanaki abin da kamfani yake bukata shi ne hayaniya, kuma bai damu da ko yabo ne ko zagi ba, tunda da mai yabon da mai zagin duk sai sun latsa waƙar kafin su samu abin faɗa, sa'an nan abokansu su ma su latsa don su ga wa ke da gaskiya.

A ƙasar Hausa mun san sanƙira, mutumin da ke tsaye kusa da makaɗi yana ɗaga murya, yana zuga masu kyauta, yana ƙara wa fage zafi. Amma sanƙira yana da rabonsa idan an tashi. Ɗalibinmu kuwa da kuɗin abincinsa yake sayen data, ya kwana yana yi wa wani kamfani na Los Angeles sanƙiranci, ya ɓata da abokinsa a kan haka, gari ya waye ko sisi bai samu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su kansu mawaƙan da suka ɗauki sana'arsu da daraja sun fara ƙosawa. Tyler, the Creator ya saki faifansa Chromakopia ranar Litinin, 28 ga Oktoba na 2024, ya ƙi bin Juma'a da gangan, bayan ya daɗe yana cewa sakin ƙarshen mako yana sa mutane su ji waƙa sama-sama suna wata hidima, alhali a ranakun aiki mutum kan saurara da natsuwa a hanyarsa ta zuwa wurin aiki ko makaranta. Ya yi asarar kwana uku daga makon ƙidaya, duk da haka faifan ya zo na ɗaya. Idan mai waƙar da kansa yana roƙon a dakata a saurara, ina dalilin mai sauraro na riga shi gaggawa?

Gwanaye ma sun yi tuntuɓe

Wani zai ce ai yara ne, da ƙwararru ne da sun gane tun a jin farko. Tarihin sharhin waƙa bai goyi bayan wannan ba. Mujallar Pitchfork ta Amurka ta kwashe shekaru ita ce babbar kotun mawaƙa masu cin gashin kansu, tana raba maki daga sifili zuwa goma. A 2004 ta ba faifan Funeral na ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada maki 9.7, kuma wannan sharhi guda ya taimaka ƙwarai wajen fito da ƙungiyar daga ƙaramin kamfani zuwa idon duniya. A cikin shekarar nan dai ta ba faifan Travistan na Travis Morrison sifili, abin da ya durƙusar da shi a matsayin mawaƙi mai tafiya shi kaɗai. A 2003 ta yi wa Liz Phair irin wannan sifilin. Shekara 16 bayan haka wanda ya rubuta sharhin ya fito fili ya nemi gafararta, sa'an nan a 2021 mujallar da kanta ta dawo ta sake wa faya-fayai 19 maki, cikinsu har da na Liz Phair, wanda ta ɗaga daga sifili zuwa shida.

Waɗannan mutane ne da sauraron waƙa shi ne aikinsu, harshen waƙar kuma shi ne harshen da suka sha a nono, galibi ma akan ba su faifai kafin ya shiga kasuwa. Duk da haka sai da suka bukaci shekaru kafin su gyara bakinsu. To ina ga wanda Turancin baƙaƙen fatar Amurka, da karin maganarsa da sunayen unguwanninsa da tsofaffin rigingimunsa, yake shige masa kamar ruwa a bayan agwagwa? Mu faɗa wa juna gaskiya. Mafi yawan hukuncin da nake ji a bakin ɗalibai ba nasu ba ne. Wani mai sharhi ne a YouTube ya faɗa, suka ɗauko suka juya shi zuwa Hausa. An ari bakinsu an ci musu albasa, su kuma suna yawo da warin.

Daɗin daɗawa, faifai mai kyau yana da zubi da tsari, kuma zubi ba ya bayyana sai an kai ƙarshe an waiwaya. Faifan DAMN. na shi wannan Kendrick ya fito a watan Afrilu na 2017, aka yi ta sharhi a kansa, sai bayan watanni mawaƙin ya tabbatar da cewa an tsara shi ne yadda za a iya sauraronsa daga ƙarshe zuwa farko, labarin ya ba da wata ma'ana. A watan Disamba na shekarar aka sake buga shi da waƙoƙin a juye. Duk wanda ya rufe shari'arsa a daren farko, a kan rabin littafi ya yi ta.

Wanda gaggawa take kashewa

Manyan mawaƙa ba abin da hukuncin gaggawa zai rage musu. Wanda yake ɗanɗana kuɗarsa shi ne mawaƙi mai cin gashin kansa, wanda babu wani babban kamfani a bayansa. Manazartanmu sun daɗe da bambanta makaɗan fada da makaɗan jama'a. Narambaɗa yana da ubangida a Isa wanda ke ɗauke masa ci da sha da sutura da doki. Ɗan Maraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, shi da kuntiginsa ne, yana yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa, arzikinsa yana hannun wanda ya tsaya ya saurara. A yau babban kamfani shi ne fada, shi ke sayen talla, shi ke da hanyar sa waƙa a jerin da manhaja take tura wa miliyoyin mutane. Mai cin gashin kansa ba shi da kowa sai mai sauraron da ya ba shi lokaci.

Lokacin kuwa shi ne abin da ya fi ƙaranci. Masu ƙididdigar kasuwar waƙa sun nuna cewa a 2023 kimanin sababbin waƙoƙi 100,000 ake ɗorawa a manhajojin sauraro kowace rana. Daga 2024 kuma Spotify ya daina biyan ko ƙwandala a kan duk waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 ba a cikin wata 12. Idan kowace Juma'a bakin jama'a ya tattaru a kan faifai ɗaya ko biyu na manya, kafin wata Juma'ar ta zo ta share su, yaushe za a waiwayi ƙaramin da aikinsa yake bukatar ji uku ko huɗu kafin ya buɗe?

Dubi Little Simz, wato Simbiatu Ajikawo, haifaffiyar Landan wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne. Faifanta na 2021, Sometimes I Might Be Introvert, shi ya ci kyautar Mercury ta Birtaniya a 2022. Amma a cikin wannan shekara ta 2022 sai da ta soke rangadin da ta shirya yi a Amurka, ta kuma faɗi dalili a fili: ita ke biyan komai daga aljihunta, tafiyar za ta jefa ta cikin bashi. Idan haka ta samu wadda ta kai wannan matsayi, mai karatu ya auna halin yaron da ke Kaduna ko Bauchi ko Jos, wanda ya tara kuɗin situdiyo da guminsa, ya fitar da faifan hip-hop da Hausa. Sunaye irin su ClassiQ da Morell da DJ AB da B.O.C Madaki sun daɗe a kunnen matasa, amma idan ɗayansu ya saki sabon aiki abin da yake samu shi ne guɗa daga masoya da jifa daga maƙiya, na kwana biyu, sa'an nan shiru. Da wuya ka ga an zauna an rubuta shafi uku a kan yadda ya sarrafa amsa-amon ciki, ko yadda ya karya karin Hausa don ya hau kiɗan da ba a gina shi a kan harshe mai karin sauti ba, ko inda ya yi nasara da inda ya faɗi. Mawaƙin da ba a taɓa gaya masa laifinsa da hujja ba, ta ina zai gyara?

Ɗaya fuskar cutar

Kada abokan aikina su yi murmushi suna cewa yau an gaya wa yara gaskiya. Kwanan baya a ɗakin shan shayi na malamai wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai ya ce mini duk wannan abin surutu ne a kan ganga, ba ya cikin adabi, kuma ɓata lokaci ne a kawo shi aji. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, faifai nawa ka saurara daga farko har ƙarshe?" Ya ce shi ba ya bukatar ya shiga kwata kafin ya san tana wari. Ɗalibina dai ya ba da minti ashirin. Malam ko wannan bai bayar ba, amma hukuncinsa ya fi na ɗalibin tsauri.

Hatta sunan da muka laƙaba wa wannan waƙa, wato gambarar zamani, yana ɗauke da hukunci a cikinsa. Gaskiya ne akwai kama ta fuskar saurin harshe da ba'a da tsokana. Amma da zarar an ce gambara, Bahaushe ya riga ya ajiye abin a layin masu ban dariya na bakin kasuwa, ba zai ƙara tsammanin wani tunani mai zurfi daga gare shi ba.

Mu da muke nazarin Hausa mu ne ya fi kamata mu yi hattara, domin gidanmu cike yake da irin wannan kuskure. An daɗe ana kallon makaɗi a matsayin maroƙi wanda ba a haɗa zuri'a da shi, sai ga Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, yau kuma ba a ƙirga kundayen digirin da aka rubuta a kansa. A shekarun 1990 an yi ta tafka muhawara a jaridu a kan littattafan da aka kira Adabin Kasuwar Kano, wasu suna ganin ba su cancanci a kira su adabi ba. Cikinsu akwai tarkace, babu musu. Amma cikinsu ne kuma aka samu Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, ake kuma karanta shi a jami'o'in ƙasashen waje. Waɗanda suka zauna suka karanta su ne suka iya tsame tsaba daga tsakuwa. A 2018 DAMN. ya ci kyautar Pulitzer ta kiɗa, karo na farko da aka ba wani aiki da ba na kiɗan gargajiyar Turai ko na jaz ba. Ban kawo wannan don in ce hukuncin Turawa wahayi ne ba, na riga na nuna yadda suke tuntuɓe. Na kawo shi ne don a san cewa masu ilmi a wasu wurare sun zauna sun saurara, mu kuwa muna toshe hanci daga nesa.

Ba na musun cewa akwai ƙazanta. Akwai batsa da ashar a cikin hip-hop, akwai wulaƙanta mata, akwai bautar kuɗi da bindiga, kuma wani faifan daga farkonsa har ƙarshensa babu komai sai wannan. Sai dai mai tarke na gaskiya yakan nuna waƙar, ya nuna ɗangon, ya ce ga inda aka zubar da mutunci, ga kuma dalilin da ya sa ko ta fuskar fasaha wurin ya yi rauni. Wannan shi ke shiga kunnen yaro. Tsinuwar jimla kuwa ba ta hana shi saurare, iyaka ta koya masa ya ɓoye wa malaminsa abin da yake ji.

Ga misalin damar da muka bari ta wuce. A 2024 Kendrick Lamar da Drake suka yi ta jifan juna da waƙoƙi, har ɗaya daga ciki, "Not Like Us", ta kwashe kyautar Grammy biyar a watan Fabrairu na 2025. An yi zarge-zarge masu nauyi a cikin waƙoƙin ba tare da hujja ba, Drake ya kai kamfanin Universal ƙara a kan ɓata suna, kotu ta kori ƙarar a watan Oktoba na 2025. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan rigima ita ce, ina iyakar zambo, ina kuma ƙazafi ya fara? Wa ya fi manazarcin waƙar Hausa kayan aikin amsa ta, shi da ya gaji bambancin zambo da habaici da zagi, ya kuma san yadda makaɗan fada suke yi wa abokan hamayyar iyayen gidansu? Ɗalibanmu sun kwashe watanni suna wannan gardama a ɗakunan kwanansu. Mu da muke da ma'aunin ba mu ce uffan ba.

Uzurin da ake kawowa

Uzuri mafi ƙarfi da na ji shi ne wanda wata ɗaliba ta kawo. Ta ce, "Malam, ai Shata ma a fage yake ƙirƙirar waƙa, a fage kuma jama'a suke amsawa da kari da guɗa. Su ma hukuncin nan take suke yi." Magana ce mai ma'ana, ta cancanci amsa. Mutanen fage suna jin harshen waƙar har ɓargonsa, sun san wanda ake wa waƙar da kakanninsa, sun san wanda ake wa habaici ko da ba a kira sunansa ba. Bayan haka, abin da suke yi a fage jin daɗi ne, kuma babu mai hana kowa jin daɗi. Hukuncin cewa wannan ita ce bakandamiyar wane, waccan kuwa ba ta kai ba, ya zo ne bayan shekaru ana maimaita waƙoƙin a bukukuwa da gidajen rediyo, har waɗanda ba su da nauyi suka zube da kansu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Saboda haka ban hana ɗalibi ya ce waƙa ta yi masa daɗi a minti na farko ba. Wannan labarin zuciyarsa ne, shi ya fi kowa saninsa. Amma ranar da ya ce wannan faifai ya fi wancan, ko wane ya ƙare, to ya bar labarin kansa ya shiga labarin aikin wani, kuma a nan dole a tambaye shi hujja.

Abin da nake nema

Ba wani sabon ilmi nake kira a ƙirƙiro ba. Ma'aunin yana cikin jakar kowane ɗalibin wannan sashe, daga Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa ta Abdulƙadir Ɗangambo zuwa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau. A saurari faifai daga farko zuwa ƙarshe yadda mai shi ya jera shi, aƙalla sau uku a ranaku dabam-dabam. A nemi matanin a karanta, a binciki abin da ba a gane ba. A faɗi jigo cikin jimla guda, idan ya ƙi faɗuwa a tambayi ko laifin mawaƙi ne ko na mai sauraro. A duba zubi, a duba salo da adon harshe, a duba yadda murya take hawa kiɗa da inda take saɓa masa da gangan. A san abin da ya gabata, domin wanda ya san cewa Common ya mutunta ita kanta hip-hop a matsayin mace tun a 1994, Nas kuma ya sa bindiga ta yi magana da bakinta a 1996, shi zai iya faɗin ko "gloria" ta ƙara wani abu ko maimaici ce. Bayan duk wannan sai a yi hukunci, a kuma bar raba maki, domin lamba ba ta bayyana dalili.

Don kada a ce na hau mumbari na ƙi yin aiki da wa'azina, ga nawa ra'ayin a kan GNX bayan na daɗe tare da shi. Faifai ne na wanda ya dawo daga yaƙi da nasara, sunansa ma daga wata motar Buick ce ta 1987, shekarar haihuwar mawaƙin, wato tun daga take kirarin kai ne. Ƙarfinsa yana wurin da ya juya ya tuhumi kansa, kamar a "reincarnated", inda ya bi rayuwar wasu mawaƙa biyu da suka shuɗe kafin ya gurfanar da nasa girman kan, da kuma waƙar alƙalamin da na ambata. Rauninsa yana wurin da kirarin ya yi tsawo bayan abokin karawa ya riga ya bar fage, har ya koma cika baki. A ganina bai kai To Pimp a Butterfly na 2015 faɗin jigo ba. Mai karatu yana da damar ya saɓa mini, muddin zai nuna mini waƙar da ɗangon.

Ga masu shirya wannan mujalla kuma ina da shawara. Mujallar da ke fitowa sau ɗaya a shekara ba za ta taɓa yin tsere da masu sharhin daren farko ba, kuma wannan shi ne alherinta. A ware shafuka a kowace fitowa domin tarken faya-fayan shekarar da ta gabata, da sharaɗin kada a karɓi sharhi a kan faifan da bai yi wata uku a kasuwa ba, kuma rabin shafukan su zama na mawaƙan da babu kamfani a bayansu, musamman masu yi da Hausa.

Shi kuwa ɗalibin nan nawa, na ba shi mako biyu ya kawo mini hukuncinsa a rubuce. Ya kawo shafi huɗu. Ya janye maganar faifan shekara, amma ya kafe a kan cewa kirarin da na kira cika baki shi ne ƙashin bayan faifan, ya kuma kawo misalai daga waƙoƙi uku, har ya kwatanta su da kirarin 'yan dambe bayan an yi kisa. Har yau ban yarda da shi ba. Na ba shi maki mafi yawa a ajin.